Katangar Mutunci

Akwai mutanen da idan ka fara ba su labari za su saurara har ka gama, akwai kuma wanda tun kafin ka kai tsakiya zai ɗaga maka hannu ya ce, "Na sani." Irin na biyun guda ɗaya ne a unguwar, kuma ya ishe ta. Tun ana kiransa Na-Sani a bayan idonsa har aka koma kiransa a gabansa, shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce. Sana'arsa gyaran tocila da rediyo, amma idan ka zauna da shi minti biyar za ka ji cewa asalinsa mutumin gini ne. Gaskiyar maganar ita ce ya taɓa gadin wani bene da ake ginawa, wata uku yana zaune a kan benci, har aka sallame shi saboda barci. Tun daga nan duk dogon ginin da ya gani a gari sai ya nuna shi da haɓa ya ce, "Irin aikinmu ke nan."

Mutum ɗaya ce take iya sa shi ya rufe baki, ita ma ba kullum ba. Yayarsa ce, wadda ta goye shi tana yarinya, kuma har yau Auta take ce masa duk da furfurar da ta cika masa gemu. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata uku a ɗakin haya guda. Shekara ashirin da bakwai tana yawo daga wannan gidan haya zuwa wancan, yanzu kuma an sayar da wanda take ciki. Sabon mai gidan ya aiko cewa ranar Alhamis da hantsi zai kwashe kwanon rufin, ko da mutane a ƙarƙashinsa ko babu.

Allah ya taimake ta sunanta ya fito a wajen wata ƙungiyar agaji da ke gina wa marasa hali ƙananan gidaje a bayan unguwa, ciki biyu da falo. Gida goma ne a jere, nata na bakwai. Ƙa'idar ƙungiyar biyu ce. Kowane iyali zai ba da mutum ɗaya da zai taya magina aiki. Sannan ranar miƙa makulli za a buɗe kowace ƙofa a gaban jama'a, Injiniyar ƙungiyar ta shiga ta duba, gidan da ta ga bai yi ba kuwa ba a miƙa shi sai zagaye na gaba, bayan damina. Ranar miƙa makullin ita ce dai Alhamis ɗin nan.

Yaya aikin shara take yi a wani asibiti, ba ta da halin barinsa. Ta duba gabas ta duba yamma, ba ta ga namiji a dangi da ke zaune ba sai ƙanenta.

"Auta, bulo za ka ɗauka, ruwa za ka ɗebo. Abin da birkila ya ce maka shi za ka yi."

"Na sani, Yaya."

"Ban gama ba."

"Shi ma sauran na sani."

Birkila, babban maginin wurin, bai yi kwana biyu da shi ba ya gano cewa hanyar da ta fi sauƙi wajen aiki da Na-Sani ita ce a aike shi nesa. A haka gini ya tashi, aka yi rufi, aka yi daɓe, kafinta ya sa ƙyamare. Ranar Litinin Injiniya ta kwashe magina zuwa wani aikin a can ƙarshen gari, sai Alhamis za su dawo tare da baƙi. Abin da ya rage kawai ƙarafunan taga, waɗanda mai walda zai sa ranar Alhamis ɗin da safe. Birkila ya miƙa wa Na-Sani tsintsiya da bokiti.

"Shara da yayyafa wa bango ruwa. Shi ke nan aikinka. Kada ka taɓa komai."

Da ya tsaya a nan, da babu labari. Amma yana cikin shara ya ga wata doguwar takarda a naɗe a bakin taga, birkila ya manta da ita. Zanen gidan ne. Ya warware ta a kan baro, ya ɗora gilashinsa a karan hanci, ya shiga gyaɗa kai. Tela, mai gida na shida, wanda shi ma shara aka bar masa, ya leƙo ta taga ya tsaya yana kallonsa.

"Malam Na-Sani, ina ganin a kife ka riƙe ta. Ga lambobin can ƙafafunsu a sama."

"Na sani. Mu a wajen gini daga ƙasa muke fara karatu." Ya juya takardar a hankali.

Yana juyawa ya ga abin da ya tayar masa da hankali. A bayan kowace ƙofa an ja layi ɗaya miƙaƙƙe zuwa cikin ɗaki, daga bakinsa kuma an ja wani lanƙwasasshe ya koma ya haɗe da bango, kamar yankan kankana. Ƙofa uku, zane uku. Ya duba bayan ƙofar falo, babu komai. Ya duba na ɗakunan, babu komai sai daɓe. Ya cire gilashin, ya numfasa.

"Tela, an cuci Yaya."

"Wa ya cuce ta?"

"Zo ka gani. Wannan mene ne?"

"Layi ne."

"A takardar gini babu layin banza. Kowane layi katanga ce. Ga katanga uku a takarda, ina suke a gida? Sun ga mace ce mara miji, sun ce ba ta da mai duba mata."

Tela ya sosa ƙeya. "Da dai ka bari Injiniya ta dawo a tambaye ta."

"Tela, na taɓa zuwa shagonka na koya maka ɗinkin aljihu?"

"Sau uku."

"To ka ga ke nan na san abin da nake yi. Wannan ita ake kira katangar mutunci. A manyan benaye kowace ƙofa da tata. Baƙo ya buɗe ƙofa, ba zai ga tabarmarka ba, ba zai ga tukunyarka ba, ba zai san ko kun ci ko ba ku ci ba."

"To ta ina baƙon zai wuce?"

Na-Sani ya dube shi da tausayi. "Wannan tambayar mutumin da bai taɓa hawa bene ba ce."

A gefen fili akwai tulin bulo da aka ajiye don gidajen zagaye na gaba, a sito kuma akwai ragowar siminti. Na-Sani ya ce ai duk na ƙungiya ne, gidan ma na ƙungiya ne, don haka daga hannun dama ne zuwa hagu. Ya ari tef da allin Tela, ya ɗaura zare a jikin maratayin ƙyaure, ya ja da'irarsa a kan daɓe. A yi masa adalci, da'irar ta fita tsaf. Ƙyaure yana buɗewa ya bi ta kanta bai taɓa komai ba, kuma wannan nasara ita ta ƙarasa lalata shi.

Wajen kwaɓi ya zuba yashi baro guda, ya ɗebo siminti da gwangwanin madara ya barbaɗa.

"Bai yi kaɗan ba?" in ji Tela.

"Siminti kamar gishiri yake. Wanda bai iya ba shi yake cikawa."

Bulo kuwa ba ya lanƙwasa, wannan bai zo a lissafinsa ba. Ya shiga fasa su biyu-biyu da bayan cebur. Na farko ya tarwatse, na biyu ya faɗo masa a babban yatsan ƙafa. Ya yi tsalle uku da ƙafa ɗaya, ya ga Tela yana kallo, sai ya tsaya cak ya ce gwada ƙarfin daɓen yake yi. Kafin la'asar katangar ɗakin farko ta kai silin. Ya ja baya ya kalle ta, ya yaba wa kansa, sannan ya juya zai fita ya ga ashe shi yana cikin ɗaki ne, ƙofa kuma tana bayan katanga. Ya fita ta taga. Wata ƙusa ta riƙe masa wando, ta raba shi gida biyu daga baya.

"Kawo in ɗinke maka," in ji Tela, "amma ka faɗa mini gaskiya, haka masu ɗakin za su riƙa shiga?"

"Aiki bai ƙare ba kana tambayar hanya. Ma'aikaci ta taga yake bi. Ƙofa ta masu gida ce."

Ranar Talata labari ya zaga layin. Matar Tela ta zo da kanta ta leƙa, ta daɗe tana kallon katangar, ta koma ta sami mijinta.

"Mu gidanmu me ya sa babu?"

"Babu me?"

"Katangar mutunci. Ko mu ba mu da mutuncin ne? Kai kana tsaye da tsintsiya, ƙanen wata yana ƙwato mata haƙƙinta."

Kafin azahar masu gida na biyu da na tara sun zo sun roƙa a yi musu. Wata tsohuwa ta ce ita tata a yi mata ta fi ta kowa kauri, saboda surukarta akwai leƙe. Na-Sani ya tsaya a taga yana karɓar gaisuwa, ya ce kowa ya yi haƙuri sai bayan Alhamis, hannu ɗaya ne da shi. Tela ma da ya fara da shakka, yanzu ya koma shiga gidansa yana duba bayan ƙofa yana tsaki. Don haka babu wanda ya aika wa Yaya. Ita kuma da ta ce za ta biyo ta gani bayan ta tashi aiki, ƙanenta ya hana ta.

"Ki zauna ki ɗaure kayanki. Ranar Alhamis za ki ga abin da ba ki taɓa gani ba."

"Abin da nake tsoro ke nan, Auta."

A ɗaki na biyu hannunsa ya faɗa, aiki ya yi sauri. Ya shigo da baro har ciki don kada ya riƙa kai da kawowa. Sai da ya ɗora bulon ƙarshe, ya goge cokalin gini, sannan ya waiwaya suka yi ido biyu da baron. Ya gwada shi a taga a tsaye, ya gwada a kwance, ya cire tayar ya sake gwadawa, ya mayar da ita.

"Baron ƙungiya fa ke nan," in ji Tela daga waje.

"Na sani. Da can a rana yake kwana, ana ta sace masa iska. Yanzu ya samu ɗaki."

"Ya riga yayarka tarewa."

Ranar Laraba ya kama babbar katangar, ta bayan ƙofar falo. Da yake babu baro, a bokiti ya riƙa jidar kwaɓi yana miƙa wa kansa ta taga: ya ɗora a bakin taga, ya haura, ya sauke, ya sake haurowa. Sau biyu bokitin ya riga shi sauka. Yamma ta yi katangar tana iya kafaɗarsa, ya ce gobe da sassafe zai ƙarasa, ya kuma taho da farar rigarsa don hoto.

Ranar Alhamis yana kan tsani yana jera layin ƙarshe, mai walda ya iso da janareta da ƙarafunan taga a kan amalanke. Mutum ne mara son magana, ga gida goma a gabansa. Ya liƙe tagogin ɗakunan biyu, ya tsaya ya kalli baron ta tsakanin ƙarfe, bai ce komai ba. Da ya zo tagar falo ya leƙa ya ga katanga, ya ga mutum a kan tsani.

"Malam, ka fito in rufe."

"Yi aikinka, ina nawa."

"Ai idan na sa ƙarfen nan..."

"Na sani."

"Ƙofar nan taka fa na ga kamar..."

"Na ce maka na sani. Ni da na yi gadin... na yi aikin bene hawa shida? Kai dai ka liƙe da kyau. Ku masu walda na san halinku, ɗigo biyu ku ce kun gama, ɓarawo ya zo ya cire da cokali."

Ya sauko daga tsani takanas ya tsaya a kansa. Ya sa shi ya ƙara wuta a kowace kusurwa, ya sa ya ƙara a tsakiya, ya kama ƙarfen da hannu biyu ya jijjiga ya ji ko motsi ba ya yi, sannan ya ce, "Yanzu ka yi aiki. Ko ɓera sai ya nemi izini." Mai walda ya dube shi, ya dubi katangar, ya ja amalankensa ya yi gida na takwas.

Na-Sani ya ɗora bulon ƙarshe, ya wanke hannu da fuska a bokiti, ya sa farar riga, ya gyara hula. Ya nufi taga, ya ga ƙarfe. Ya yi 'yar dariya, ya ce ai yau ranar ƙofa ce. Ya juya wajen ƙofa, ya ga katanga. Ya buɗe ƙofar ɗakin farko, ta buɗe sumul, ya shiga taku ɗaya hancinsa ya taɓa bulo. Ya buɗe ta biyun, haka. Ya dawo tsakiyar falo ya tsaya, ya sake zagaye su duka ɗaya bayan ɗaya, wai ko wata ta canza shawara.

Ya kira mai walda, janareta ta cinye muryarsa. Da janareta ta mutu, lasifika ta tashi. Kafin ya yanke shawarar ko ihu ya dace da mutum irinsa, fili ya cika. An kafa rumfa, an jera kujeru, motar ƙungiya ta sauke Injiniya da birkila da Shugaba, wani kakkauran mutum mai son hoto. Birkila yana sauka ya tsaya yana kallon tulin bulonsa da ya rame. Can baya kuma ga motar kaya ta shigo, an ɗaure katifa biyu a sama, ga tukwane, ga akwatin ƙarfe, ga 'yan matan uku a kan kayan, Yaya tana gaba riƙe da agogon bango a cinya. Na-Sani ya matsa gefen taga inda ba za a gan shi ba.

Aka miƙa gida na ɗaya, aka tafa. Na biyu, aka tafa. Yana jin tafin yana matsowa kamar ruwan sama a kan kwano. Da aka gama na shida, ya ji muryar Shugaba a bakin ƙofarsa, yana bayanin cewa ƙungiya ba gida kawai take bayarwa ba, ƙofa take buɗe wa iyali. Ya ji makulli ya juya. Ya ji ƙyaure ya buɗe a hankali, ya bi da'irarsa bai gogi komai ba, kuma duk da halin da yake ciki sai da ya ji daɗi. Shugaba ya ce wa mai hoto ya shirya, ya shiga da baya yana murmushi yana yafito Yaya da hannu. Sai aka ji ƙum.

Daga bayan katanga aka ji Shugaba yana tambaya, cikin ladabi, ko wannan wurin ajiye takalma ne.

Fuskar Injiniya ce ta fara bayyana a taga. Mace ce da ba ta ɗaga murya. Ta kalli katangar daga ƙasa har silin, ta kalli ƙofofin ɗakuna a buɗe da bulo a bayansu, sannan ta kalli mutumin da ke tsaye cikin farar riga.

"Malam, sannu da aiki. Wa ya sa ka?"

"Ranki ya daɗe, takardarku ce ta sa ni." Ya zaro zanen ya manna a ƙarfe, ya nuna da yatsa. "Ga shi nan. Uku ne, an tsallake su, na cika. Ba sai an gode mini ba."

Ta daɗe tana kallon inda yatsansa yake.

"Malam, wannan layin ƙyaure ne a buɗe. Wannan lanƙwasasshen kuma hanyar da yake bi ce idan an tura shi. Ana zana shi ne don kada a sa komai a wurin."

"Wato wurin..."

"Iska ce. Ka gina iska da bulo."

"To me ya sa ba ku rubuta iska ba?"

"Shekara goma sha biyar ina wannan aiki, yau na fara ganin bukatar hakan."

Dariya ta fashe daga gaba ta tafi baya, waɗanda ba su ji ba suna tambayar waɗanda suka ji. Matar Tela ta ce ita dama tun ranar farko ta ce abin nan bai yi mata kama da hankali ba. Tela ya buɗe baki, ta dube shi, ya rufe. Tsohuwar da ta ce a yi mata mai kauri ta tambaya ko an fasa ne. Birkila ya leƙa tagar ɗaki na biyu ya dawo yana riƙe da kansa.

"Barona ne a ciki. Ta ina ya shiga?"

"Ta ƙofa," in ji Tela, "lokacin tana ƙofa."

"Kai kuma ta ina za ka fito?" birkila ya tambayi Na-Sani.

"Ni ban ce ina son fita ba."

Injiniya ba ta yi dariya ba. Ta tambayi birkila gudumarsa, ya ce manyan kayan aiki duk suna can ƙarshen gari, kafin a je a dawo a rushe katanga uku a kwashe, rana ta faɗi, baƙi sun tafi. Ta juya wajen Yaya, ta sassauta murya.

"Mama, ki yi haƙuri. Ba ni da ikon miƙa gidan da ba a iya shiga. Idan bai buɗu yau ba, sai zagaye na gaba."

Dariyar ta mutu a nan. Direban motar kaya ya ce shi fa da suka taho an riga an fara cire kwanon can, kuma yana da wani ɗaukar kaya da azahar, a faɗa masa inda zai sauke. Yaya ta miƙa wa babbar 'yarta agogon, ta tako har bakin taga, ta kama ƙarfen da hannu ɗaya.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Tsintsiya aka ba ka."

Ba ta ƙara ba. Da zagi ta yi da ya fi masa sauƙi, don ya saba da zagi, yana da amsarsa. Kunya ta kama shi har cikin ciki, ya ga idanun 'yan matan uku a kansa daga saman katifa, ya ji tausayin yayarsa irin wanda bai taɓa ji ba. Amma mutum irinsa ko kunya ta kama shi ta baki take fita. Ya ce bari ya gyara, ya ɗaga murya yadda Shugaba zai ji.

"Ranka ya daɗe, a duba lamarin nan da idon basira. Kuskure dai an yi, daga ɓangaren masu zane. Amma katanga irin wannan ba a rushe ta, asara ce. Sai a fasa wata ƙofar ta baya. Wannan ko mota ta buge ta, motar za a kai gyara. Ku ji." Ya daki katangar da tafin hannu. "Ku sake ji." Ya sake duka. Sannan ya harɗe ƙafa, ya jingina da ita da duk nauyinsa, irin tsayuwar mai jiran hoto.

Birkila ne ya fara jin ƙarar. Ya fizgo Shugaba daga bakin ƙofa. Katangar ta yi ɗan tunani, sannan ta tafi gaba ɗaya, ta tafi da maginin. Ƙura ta turnuƙe. Da ta lafa sai ga Na-Sani kwance a kan tulin bulo, kansa a waje, ƙafafunsa a falo, hula ta rufe masa ido ɗaya. Mai hoto bai bari ta wuce shi ba.

Injiniya ta durƙusa ta tabbatar yana numfashi kuma bakinsa yana aiki. Sannan ta ɗauki ɗan kwaɓin da ke jikin bulo ta murza, ya zube ta tsakanin yatsunta.

"Siminti nawa ka sa?"

"Rabin buhu," in ji shi daga ƙasa.

"A wannan?"

"A duka ukun. Har da saura."

Ta miƙe ta kakkaɓe hannu. "Mama, ki gode wa Allah da ƙanenki bai iya kwaɓi ba. Da ya iya, da yau a waje za ki kwana." Ta tsallake shi ta shiga, ta buɗe ƙofar ɗakin farko, ta sa takalminta ta tura. Katangar ta kwanta ba gardama. Tela ya ce a bar masa ta biyun, kwana uku yana jin haushin gidansa saboda ita. Ya sa kafaɗa, ta tafi, baro ya fito ana yi masa barka da sauka.

Masu gidaje tara suka tuɓe manyan riguna suka yi layi, bulo yana bin hannu yana komawa tulinsa. Matar Tela ta karɓi tsintsiya. Shugaba ma ya ɗauki rabin bulo ya riƙe har aka ɗauke shi hoto. Kafin ya gama miƙa gida na takwas da na tara da na goma, falo ya dawo falo. Injiniya ta zaga ɗakunan, ta buɗe kowace ƙofa ta rufe, ta fito ta sa makulli a hannun Yaya.

Na-Sani kuwa ya samu wuri a dokin ƙofa ya zauna, fari fat da ƙura, yana yi wa mai hoto bayanin cewa da gangan ya sassauta kwaɓin, irin katangar gwaji ce da ake yi a manyan benaye. Yana cikin haka Yaya ta iso da akwatin ƙarfe a ka, 'yan matan suna biye da ita da katifa.

"Auta, tashi daga ƙofata."

Ta faɗa ne da faɗa, amma tana faɗa ta tsaya. Ta sauke akwatin da kanta. Ta ɗora tafin hannu a kan ƙyauren, ta sake cewa a hankali, ba da kowa take ba, "Ƙofata." Ƙanenta ya tashi ya ba ta hanya. Ta shiga, 'ya'yanta suka bi ta. Ta tura ƙyauren ya rufe, ta jawo shi ya buɗe, ta sake turawa, ta sake jawowa, hawaye yana zubo mata tana dariya, babu mai gidan da zai ce ta bar masa ƙofa kada ta lalace.

Na-Sani ya gyara murya, ya matso.

"Kin ga yadda take buɗewa ba ta gogar komai? To wannan ni na auna..."

Yaya ta rufe ƙofarta, ta murɗa makulli daga ciki.